Kundin aikin saka rile a wayarin ɗin tsohon babur

4 ga Maris

Babur ɗin ƙirar Japan ne na shekarar 1978, silinda biyu, cc 400, batir mai bolt 12, kuma har yau da kwantak yake ba filogi wuta. Inji lafiya ƙalau. Wutarsa ce ta gaji. Fitilar gaba ta koma ruwan ɗorawa, hon ya dushe, in aka kunna sigina sai fitilar ta riƙa lumshewa tana buɗewa tare da ita. Da sanyin safiya kuma sitata za ta yi ta juya inji bai kama ba, sai daidai lokacin da aka ɗaga yatsa daga maɓallin sannan ya tashi.

Duk wanda ya ga haka ɗayan biyu yake cewa: a canza batir, ko a sa ƙwai mai wat 100. Batirin nan ya kwana ba a taɓa shi ba, mita ta nuna 12.6, cike yake ke nan. Ƙwai mai wat 100 kuwa zai ja kusan amfiya 8 ta cikin makunnin da tuni amfiya 4 da rabi suke dafa shi. Na ajiye shawarwarin biyu na ɗauko mita.

Yadda ake awon ne mutane suke kuskurewa. In ka zare soket daga bayan ƙwan ka auna, mita za ta nuna maka kusan abin da ke kan batir, ka ce ai waya lafiya. Ruɗi ne. Mita ba ta jan wutar kirki, ko sili ɗaya ne ya rage a haɗe cikin waya zai ishe ta. Sai ƙwan yana kunne, wuta tana gudu, sannan asarar take fitowa fili. Na tayar da inji, na riƙe totur a wajen juyi 3,000 a minti, fitila a dim. A kan batir 14.1. A ƙafafun ƙwan 11.9. Bolt 2.2 sun salwanta tsakanin ƙarƙashin kujera da kwanon fitila.

Sai na bi sawunsu. Jan tsinken mita a kan fosetif ɗin batir, baƙin kuma ina matsawa da shi gaba, gaɓa bayan gaɓa. Bayan fiyus an rasa 0.3. Bayan makunnin kii asarar ta kai 0.8. Bayan makunnan hannu, na kunna fitila da na ful da dim, 1.4. A bakin ƙwan 1.7. Ragowar 0.5 a hanyar komowa suke ɓacewa, ɓangaren nagetif, wanda ba kowa ke tunawa da shi ba.

Bolt 2.2 sau amfiya 4.5, kusan wat 10 ke nan da janareto ya wahala ya samar suke zama zafi a cikin wayoyi da makunnai. Hasken ƙwan halojin kuma ya fi wutar saurin faɗuwa: a rage kashi 10 cikin 100 na bolt, haske ya ragu da kusan kashi 30. Ƙwan H4 mai wat 60/55 a kan bolt 13.2 ake gwada shi, a nan yake ba da lumen (ma'aunin haske) 1,650 a ful, 1,000 a dim. Nawa 11.9 yake samu, kashi 10 ƙasa da haka. Ashe ƙwan ba shi da laifi.

Na kuma auna a bakin kwayil, wanda ke haɓaka wutar batir don filogi ya yi tartsatsi, na rubuta na ajiye, sai an zo kansa.

9 ga Maris

Kafin in taɓa rile, wato makunnin da wuta kaɗan ke kunnawa don ya wuce da wuta mai yawa kai tsaye daga batir, na fara da wanki, don in raba laifin datti da laifin tsarin kansa.

Makunnin ful da dim a cikin faranti na kwance shi, saboda akwai ɗan sifirin da ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki waɗanda in suka yi tsalle an rabu ke nan. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: 'yar tagulla ce take zamewa a kan ɗigo uku na jan ƙarfe. Ɗigon dim ya yi baƙi ƙirin, tsakiyarsa ta rarake, robar da ke riƙe da shi ta narke ta lotsa har ya ɗan nutse, shi ya sa tagullar ba ta danna shi sosai. Ɗigon ful kuwa fes, don ba a cika amfani da shi ba. Ciwo ne mai ƙara kansa da kansa. Datti ya kawo turjiya, turjiya ta kawo zafi, zafi ya sassauta sifirin da roba, haɗuwar ta ƙara lalacewa, zafin ya ƙaru. Wat biyu da wani abu a kan ɗigon da bai wuce milimita 3 ba, ai dole roba ta narke.

Na goge ɗigon da samfefa mafi laushi, na fesa maganin wanke makunni, na shafa giris kaɗan. Makunnin kii ma haka. Fiyus ɗin irin na kwalba ne, maƙalansa sun saki har yana juyawa da yatsa, sai na cire gidan gaba ɗaya na sa irin mai ƙafa biyu na roba. A cikin kwanon fitila kuwa duk mahaɗin da na zare kore-kore ne a jikinsa. Na kankare su, na matse bakin matan da filaya don su kama.

Sabon awo: ɓangaren fosetif ya sauko daga 1.7 zuwa 1.0, nagetif daga 0.5 zuwa 0.4. Ƙwai yana samun 12.7.

Fiye da sulusin asarar datti ne, ya tafi ba a sayi komai ba sai gidan fiyus. Ragowar kuwa ko an wanke har gobe ba za ta tafi ba, don hanyar ce doguwa. Wuta tana tashi daga batir, ta hau makunnin kii a wuyan babur, ta je hannun dama, ta dawo kwano, ta je hannun hagu, ta sake dawowa kwano, sannan ta shiga ƙwai. Wajen mita 4 ke nan na siririyar waya mai kaurin milimita murabba'i 0.85. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1 yana da turjiyar om 0.0175 a kowace mita, don haka wannan hanya tana da wajen om 0.08, kusan bolt 0.4 ke nan a amfiya 4.5, ko da yau aka fito da wayar daga leda. Ƙwan da babur ya zo da shi bai kai wannan ja ba. Wani mai shi na baya ne ya sa kwano mai H4, ya bar wayoyin yadda suke.

10 ga Maris

Rile sun iso. Na ɓalle murfin ɗaya don in gani da idona. Waya ce siririya ƙwarai naɗe a kan ɗan guntun ƙarfe, sama da ita wani faifai mai sifirin, a bakinsa ɗigon haɗuwa mai kauri. Da na taɓa masa batir sai ƙas, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgo faifan, ɗigon ya haɗu. Na ɗauke, ƙas, ya koma. Iyakar abin ke nan.

Naɗin om 85 ne a mitata. A bolt 14 amfiya 0.16 yake ja. Makunnin hannu zai tashi daga ɗan dako ya koma mai ba da umarni: maimakon 4.5 zai ɗauki 0.16, kuma tunda zafi yana tafiya da ninkin wutar a kanta, zafin da ke kan ɗigon nan zai ragu kusan sau 800.

Lambobin da ke ƙafafunsa daga ƙa'idar Jamus suke, DIN 72552, shi ya sa ko a wace ƙasa aka ƙera shi za ka same su iri ɗaya. Lamba 30 ita ce mai karɓar wuta daga batir, 87 mai kaiwa ga fitila ko hon, 85 da 86 su ne na naɗin. Mai ƙafa biyar yana da 87a, wadda take haɗe da 30 lokacin da rile ke hutawa. Amma akwai mai ƙafa biyar da duka biyun 87 ne, kuma akwai tsari biyu na jeren ƙafafun inda 30 da 86 suke musayar wuri. Soket ɗaya suke shiga. Don haka lambar da ke rubuce a jiki ake bi, ba wurin da ƙafar take ba.

Wani abin lura: in aka yanke wa naɗin wuta yakan mayar da tartsatsi mai iya haura bolt 100 na ɗan ƙiftawar ido. Wasu rile ana sa musu dayod a ciki, wato 'yar na'urar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, don ta shanye shi, wasu kuma ɗan rezisto. Mai dayod dole 86 ta sami fosetif, 85 nagetif, in aka juya nan take dayod ɗin ta ƙone. Nawa masu rezisto ne, ba ruwansu da juyi, amma zan bi ƙa'idar duk da haka saboda ranar da za a canza su da wani iri.

17 ga Maris

Yau zane na yi a takarda, ban taɓa sifana ba.

Akwai abubuwan da ya kamata mutum ya tabbatar kafin ya kwaikwayi wannan aiki a nasa babur. Ƙananan babura da yawa fitilarsu ba daga batir take ci ba, kai tsaye take sha daga magneto, shi ya sa ba ta kamawa sai inji ya tashi, kuma haskenta yana bin totur. Wannan wutar mai kai da komo ce, rilen mota in ya same ta kakkarwa zai yi ta yi. Wasu tsofaffin Yamaha, irin su XS650, suna da wata 'yar na'ura da ke lura da wutar da ƙwai ke ja, in ta ga ta yi kaɗan sai ta ɗauka ƙwan ya mutu ta juya zuwa ɗaya zaren. Rile mai jan 0.16 zai ruɗa ta. A wasu Suzuki GS na farko-farko kuma ɗaya daga cikin wayoyi ukun janareto ta makunnin fitila take bi kafin ta kai rektifaya, mai mayar da wutar janareto irin wadda batir ke karɓa. Nawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, na bi zanen wayarin ɗinsa layi-layi na tabbatar.

Kalar waya ma ba abin dogaro ba ce in ba ka san gidan da ta fito ba. A tsofaffin Honda kore shi ne nagetif, baƙi kuma wutar bayan kii. A Yamaha baƙi ne nagetif, kore kuma dim. Suzuki baƙi mai farin layi take amfani da shi a nagetif, Kawasaki baƙi mai layin rawaya. Wanda ya saba da ɗaya ya shiga ɗaya da zato, hayaƙi zai gani. Balle babur mai shekara sama da arba'in da hannaye da yawa suka ratsa.

Tsarin da na tsayar: rile biyu, ɗaya na ful ɗaya na dim, kowanne da wayarsa da fiyus ɗinsa daga batir. Ana iya yin ƙoƙarin tattali a ciyar da su da waya ɗaya da fiyus ɗaya, mutane da yawa haka suke yi. Ban yarda da wannan ba. Fiyus ɗaya in ya tashi da dare a kwana, ful da dim sun tafi tare. In biyu ne, ka tura makunni ka ga hanya.

Waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta isa. Tsawon mita ɗaya da rabi a amfiya 5 bai kai bolt 0.1 asara ba. Mai 2.5 za ta rage wajen kashi 40 cikin 100 na wannan, amma ta fi tauri, kuma a wuyan babur inda waya ke lanƙwasa duk juyi, laushi ya fi mini wannan ɗan bambanci. Fiyus amfiya 10 kowanne. Ba a sa 5 ko da yake ƙwan 5 yake ja, domin zaren ƙwai mai sanyi yana fizgar kusan ninki goma a farkon kunnawa. Kuma fiyus waya yake karewa, ba ƙwai ba, saboda haka dab da batir zai zauna, cikin santimita 15. Wayar da ke zuwa 30 a raye take dare da rana ko an zare kii. Duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro, in ya goge da firam wuta ce.

23 ga Maris

Na cire nagetif ɗin batir tukuna, sannan kujera da tanki.

Kwanon fitila a cushe yake, babu wurin rile biyu. Na sama musu wuri a jikin firam, bayan wuya, ƙarƙashin tanki, nesa da kan silinda. Na yi musu 'yar maƙala da falle na alminiyom, na sa roba tsakaninta da firam saboda jijjiga, na kafa su ƙafafu suna kallon ƙasa don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita. Na ɗora tanki na gwada kafin in ɗaure, akwai sarari kamar kaurin yatsa.

Ban yanke wayar asali ko ɗaya ba. Tsohon soket ɗin da ke shiga bayan ƙwai na zare, na cusa masa ƙafafu uku: wayar dim ta tafi 86 na rile ɗaya, ta ful ta tafi 86 na ɗayan, nagetif ta tafi 85 nasu duka. Sabon soket mai jure zafi ya hau ƙwai, wayoyinsa daga 87. Amfanin haka biyu ne. Ɗan shuɗin ƙwan da ke nuna ful a kan mita yana nan yana aiki tunda daga tsohuwar waya yake ci. In kuma rile ya mutu a hanya, a buɗe kwano a mayar da tsohon soket kan ƙwai, an koma gidan jiya, ba a buƙatar komai sai sukundireba.

Nagetif sabuwar waya na ja masa, mai kaurin 1.5, daga ƙwai har kan batir. A da wani ɓangaren wutar ta cikin boris ɗin wuya yake komawa, ta cikin giris da tsatsa. Rile ba ya gyara wannan. Wanda ya sa rile ya bar tsohon nagetif rabin aiki ya yi.

Kawunan waya matse su na yi da filayar matsa kai, ban sa dalma ba. Masu rewaya sun rabu a kan wannan, ni dai ga dalilina: dalma tana bin silin waya ta hau sama ta sandarar da ita, jijjiga kuma daidai inda taurin ya ƙare take karya waya, a cikin roba inda ido ba ya gani. Kowane kai da na matse sai na ja shi da ƙarfi. Wanda ya zame na yanke na sake. Sannan robar da ke tsukewa da zafi a kan kowanne.

A wuya na bar wa wayoyin lanƙwasa mai faɗi, na juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ina kallon ko akwai inda suke ɗamewa ko suke shiga tsakanin ƙarfe biyu.

24 ga Maris

Juyi 3,000, fitila a dim: batir 14.0, ƙwai 13.7. Fosetif ya rasa 0.2, nagetif 0.1.

Daga 11.9 zuwa 13.7, a lissafi ƙarin haske ya kai wajen kashi 60. A bango da dare farin haske ne mai kaifin iyaka. Lumshewar da take yi da sigina ta tafi. Na sauke saitin kwanon kaɗan, don hasken da a da ba ya damun kowa yanzu zai iya kashe wa mai tahowa ido.

Akwai kuɗin da za a biya. Ƙarin kashi 5 na bolt yana rage rabin rayuwar ƙwan halojin, kuma 13.7 ya haura 13.2 da kusan kashi 4. Na sa ƙwai na biyu a ƙarƙashin kujera, naɗe a tsumma.

2 ga Afrilu

Hon. Nan tsarin a juye yake, kamar yadda yake a tsofaffin baburan Japan da yawa. Waya biyu ke zuwa masa, ɗaya tana da wuta muddin kii na kunne, ɗayar tana tafiya maɓalli, maɓallin kuma aikinsa ya haɗa ta da ƙarfen hannu. Nagetif ake yankewa, ba fosetif ba. Wanda ya nemi wayar da ke kawo wuta in an danna ba zai same ta ba.

Wannan ya ma sauƙaƙa aikin. Wayoyin biyu na zare daga tsohon hon, mai wutar ta hau 86, ta maɓalli ta hau 85. Sabuwar waya daga batir da fiyus mai amfiya 15 zuwa 30, daga 87 zuwa sabbin hon guda biyu, babbar murya da ƙarama. Su biyun kusan amfiya 8 suke ja, abin da maɓallin nan ba zai jure ba ko na wata ɗaya. Na rataye su a kan 'yan ƙarafan da suka zo da su masu ɗan lilo. Hon in aka ɗaure shi kam a jikin firam muryarsa shaƙewa take yi. Bakinsu ƙasa saboda ruwa.

Gaskiyar magana, da tsohon hon zan ci gaba da amfani da shi da ban sa rile ba. Bai wuce amfiya 2 ba, kuma da na goge maɓallin na ɗan juya notin saiti da ke bayansa muryarsa ta dawo. Sabbin ne suka wajabta rile, ni kuma ina son wanda ke cikin mota da gilashi a rufe ya ji ni.

13 ga Afrilu

Kwayil ne ya rage, kuma a nan na daɗe ina juya magana.

Masu tsofaffin babura suna yaba wannan gyara ƙwarai: a jawo wa kwayil wuta kai tsaye daga batir ta rile, tsohuwar wayar da ta fito daga makunnin kashe inji ta zama mai ba da umarni. Dalilin a fili yake. Lokacin da sitata ke juyi batir yana faɗuwa zuwa wajen bolt 10, in hanya ta ci biyu a ciki kwayil 8 yake gani, a daidai lokacin da inji ke da sanyi kuma ya fi buƙatar tartsatsi mai ƙarfi. Da aka saki maɓalli wuta ta dawo, fistin bai gama juyawa ba, sai inji ya kama. Abin da nawa yake yi ke nan.

Awon 4 ga Maris: inji na tafiya da fitila a kunne kwayil yana samun 12.2, lokacin sitata 8.7. Awon yau: 13.2 da 9.5, batir yana 14.0 da 10.4. Ban taɓa wayar kwayil ba. Wankin makunnin kii da sabon gidan fiyus ne suka yi wani ɓangare, sauke wa makunnin kii nauyin fitila ya yi saura. Tashin safe ma tuni ya gyaru sosai.

To, ko ragowar 0.8 zuwa 0.9 ta cancanci rile? Ribar akwai ta. Ƙarfin da kwayil ke tarawa yana bin ninkin wutar a kanta, daga 9.5 zuwa 10.3 ƙarin wajen kashi 17 ne. Amma ga ɗaya gefen. Rilen fitila in ya mutu akwai ɗan'uwansa, na hon in ya mutu an yi shiru kawai. Na kwayil in ya mutu inji ne zai ɗauke, wataƙila kana tsakiyar wuce babbar mota. Sannan rilen mota yana buƙatar wajen bolt 8 kafin ya ja. Ranar da batir ya yi sanyi sosai, babur mai kwantak yakan tashi da turi da 'yar wutar da ta rage, amma in rile ya ƙi ja kwayil ba zai ga komai ba. Ga zafi kuma: kwayil ɗina om 4 ne, daga 13.2 zuwa 14 zafinsa zai ƙaru da kashi 12, shi kuwa na asali ne, kwantak ma zai ƙara cin wuta. Babura masu CDI, wato akwatin lantarki da ke ba filogi wuta maimakon kwantak, da ke ci daga magneto ba ma sa cikin wannan zance, wutar batir ba ta zuwa kwayil ɗinsu.

Kafin in yanke hukunci na auna makunnin kashe inji shi kaɗai, wanda ban buɗe ba ranar wanki. Bolt 0.5 yake ci. Na kwance shi, ɗigonsa kore shar. Bayan gogewa asarar hanyar gaba ɗaya ta koma 0.4.

Saboda bolt 0.4 ba zan ƙara abin da zai iya kashe mini inji ba. Rile na huɗu ya koma kwali.

20 ga Afrilu

Bai daɗe a kwalin ba. Ina son wurin cajin wayar salula, kuma irin waɗannan na'urori suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko ba a sa musu komai ba, in aka haɗa su kai tsaye da batir aka ajiye babur sai a tarar ya yi sanyi. Na ɗauki umarni daga wayar bayan kii zuwa 86, wuta daga batir da fiyus mai amfiya 5. Kii a kashe, mita tsakanin batir da wayar nagetif ba ta nuna komai yana zuba ba.

5 ga Mayu

Ruwan sama ya same shi a hanya, na cire tanki na duba. Soket ɗin rile a bushe suke. Ɗaurin waya ɗaya ya zame kusa da wuya har rigar wayoyin ta fara gogar firam, ta yi ɗan sheƙi amma ba ta huje ba. Na ƙara mata riga na canza wurin ɗaurin.

Sabuwar matsala ta fito, ko in ce tsohuwa ce da sauran suka rufe. A silo, wajen juyi 1,200, fitila a kunne, batir yana 12.3 kuma yana sauka a hankali. Janareto ba ya biyan abin da ake ci a wannan juyi. Rile bai ƙara wa babur wuta ko ɗigo ba, hasali ma ya ƙara ci: ƙwai yanzu yana jan kusan amfiya 5 maimakon 4.5 tunda yana samun cikakken bolt, naɗin rile biyu da ke kunne kullum kuma suna shan wajen 0.3. A buɗaɗɗiyar hanya ba komai, a cunkoso da dare kuwa batir ne ke cikawa.

Na auna tsakanin fitar rektifaya da fosetif ɗin batir a juyi 3,000: bolt 0.5 ke ɓacewa. Mahaɗin wayoyi ukun da suka fito daga janareto ya yi ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya fara narkewa, in inji ya ɗan yi aiki ba ya taɓuwa don zafi. Wannan ba aikin rile ba ne. Zan cire mahaɗin in auna wutar janareto tsakanin kowace waya biyu in ga ko ukun sun yi daidai, in sa sabon mahaɗi, sannan in ja waya mai kaurin 2.5 daga rektifaya zuwa batir da nata fiyus.

In hakan ya yi, batir zai hau wajen 14.4, ƙwai kuma ya sami 14.1, kashi 7 sama da inda aka gwada shi, rayuwarsa ta yi ƙasa da rabi. Akwai H4 da ake yi musamman don daɗewa, haskensu ya ɗan gaza na gama-gari. Zan nemo ɗaya in ajiye, in gama aikin rektifaya in sake awo a ƙafafun ƙwan kafin in zaɓi wanda zai zauna a kwano.